Rajista da jama'a: wahalhalun masu aikin lanho lokacin kaka a gundumomin Tasawa da Mayahi

1. Shimfiɗa

A Yamai da birnin Maraɗi akwai akantoci waɗanda sana'arsu ita ce shirya wa kamfanoni bayanin ribarsu, su miƙa wa Direction générale des impôts kafin watan Afrilu ya ƙare. A ƙauyukan Tasawa da Mayahi abin ba haka yake ba. Manomi ba ya bayyana abin da ya samu. Hukuma ce ke rubuta sunansa a rajista, ta ɗora masa kuɗi. Saboda haka masu shirya haraji a nan su ne magatakardan komin da ke rubuta rajistar, mai gari da ke tarawa, sarkin kanto da ke sa ido, da ma'ajin komin da ke karɓa. A cikin wannan ɗan aiki za mu nuna cewa yawancin wahalar da suke sha tana fitowa daga wuri guda: abin da takarda ke faɗi ya bambanta da abin da ke cikin gari, kuma su ne ake sa ran su cike tazarar.

2. Wane lanho ake nufi

Kalmar «lanho» daga l'impôt ta samo asali, kuma tun zamanin Turawa abin da take nufi a bakin talaka shi ne kuɗin kai. Bayan farin 1973-1974, mulkin Seyni Kountché, wanda ya hau a watan Afrilu na 1974, ya soke kuɗin kai na ƙasa (impôt du minimum fiscal) da jangali kafin shekarun 1970 su ƙare. Abin da ya saura shi ne taxe d'arrondissement, wanda aka daɗe ana biyan sefa 700 a kan kowane mutum da ya isa biya. Daga baya doka ta mai da arrondissements gundumomi, zaɓen 24 ga Yuli 2004 kuma ya kafa majalisun komin. Daga nan lanhon ya koma hannun komin da sunan taxe municipale. Tasawa ta sami komin bakwai, ciki har da Korgom, Urafan, Maijirgi da Hawandawaki. Mayahi ta sami takwas, ciki har da Kanambakashe, Isawan da Sarkin Hausa. A ƙidayar 2012 kowace daga gundumomin biyu ta haura mutum dubu 500. Suna ya sake, mai karɓa ya sake, amma hanyar tarawa tana nan: rajista, mai gari, kaka.

3. Rajistar da ta tsufa

Nan ne gizo ke saƙar. Ba ƙidayar ƙasa ta 1977, 1988, 2001 ko 2012 ake bi wajen lanho ba. Akwai wata ƙidaya dabam, recensement administratif, wadda ake bi gari gari, gida gida, a rubuta mai gida da waɗanda ke ƙarƙashinsa, a ware masu biya daga waɗanda aka yafe wa, kamar yara, tsofaffi da naƙasassu. Wannan ƙidaya tana cin kuɗi: mota, mai, alawus na ma'aikata. Komin da ba ta tara lanho ba, ba ta da abin yin ƙidaya. Wadda ba ta yi ƙidaya ba kuwa ba za ta tara lanho daidai ba. Sai shekaru su wuce ana kwafo tsohuwar rajista.

A cikin shekarun nan mutane sun mutu, ƴan mata sun yi aure a wasu garuruwa, yara sun girma, samari sun tafi ci-rani Katsina, Kano, Agadas ko Libiya. Gandu ma ya rabu. Claude Raynaut, wanda ya yi bincike a jahar Maraɗi tun shekarun 1970, ya nuna yadda buƙatar kuɗi ke rarraba gandu. Amma rajista har yanzu mai gida guda ta sani. Idan ƙane ya ware da gonarsa da tukunyarsa, sunansa kuma yana kan katin wansa, wa zai biya? Wan ya ce ba ya cin hatsinsa, ƙanen ya ce ba shi da kati.

Bari mu yi lissafi na misali. A ce gari yana da suna 300 a rajista. Abin da ake bin mai gari shi ne sefa 210.000. A ce mutum 40 daga cikinsu sun mutu ko sun tashi: giɓin ya kai 28.000. A ce kuma kason da ake mayar masa ladan tarawa (remise) kashi 10 ne cikin 100, wato 21.000 idan ya cika kuɗin duka. Giɓin ya cinye ladan har ya wuce. Hanyoyin da suka rage masa uku ne, kuma babu mai daɗi: ya cika daga aljihunsa, ya ɗora wa dangin mamaci da na matafiyi, ko ya karɓa daga samarin da suka isa biya amma ba a rubuta su ba. Ta ukun ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma ke jawo masa zargi, domin wanda ya biya ba shi da layi a rajista. A ganinmu, kafin a kira wannan sata ya kamata a dubi shekarun rajistar. Ba mu ce babu masu ci ba. Amma inda takarda ta tsufa, mai gaskiya da maciyi hanya guda suke bi, mai bincike kuma ba ya iya rarrabe su.

4. Harshe da ƙirga

Da Faransanci ake rubuta rajista, da Hausa ake biya. Masu gari da yawa ba su shiga lakkol ba. Wasu suna riƙe nasu lissafi da ajami, wasu da ka, wasu su nemi ɗan makaranta ya karanta musu. Magatakarda ya rubuta Mahamadou, gari kuwa Mamman ko wani laƙabi ya sani. A gari guda ana iya samun Abdu ɗan Isa uku. Ga alkunya: mai gida ba ya son faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin na mijinta, don haka tun ranar ƙidaya sunan da ya shiga takarda yakan zama wanda maƙwabci ya tuna.

Kuɗin ma ba da baki ɗaya ake ƙirga su ba. Takarda ta ce 700 F, manomi ya ce dala 140, tun da dala sefa 5 ce, jika kuma sefa 1.000. Duk mai karɓa sai ya riƙa ninkawa da biyar a kansa. Ɗan ci-rani kuwa naira yake aikowa, sai an bi ta wurin ƴan canji, kuma farashinta ba ya tsayawa. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, da daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023, hanyar da kuɗin lanho ke biyowa zuwa gidaje da yawa ce aka toshe.

5. Kalanda biyu

Kasafin komin yana tafiya daga Janairu zuwa Disamba. Kuɗin manomi kuwa ba sa zuwa sai an yi girbi, daga Oktoba zuwa farkon rani. A zamanin gyaɗa, lokacin da SONARA, wadda aka kafa a 1962, ke saye, mai karɓar lanho ya san ranar da kuɗi suka shigo gari. Fari da cutar gyaɗa na tsakiyar shekarun 1970 sun rushe wannan tsari. Yanzu wake, riɗi, akuya, ko tabarma da igiyar kaba ta bakin Gulbin Kaba ake kai wa kasuwa, kaɗan kaɗan. In babu, a sayar da hatsi a lokacin da ya fi arha. Don haka lanhon shekara yakan shigo a watanninta na ƙarshe, sauran ya tsallaka sabuwa. Mai gari ya kawo kuɗi a Fabrairu, sai ma'aji ya yanke: na bara ne, ko na bana, ko na bashin shekarun baya? Idan rasiɗin bai fayyace ba, gardamar takan kai wata kakar. A shekarar yunwa irin 2005 kuwa tambayar ba ta ma tasowa, bashi ne kawai ke hawa kan bashi.

6. Wa ke da ikon tilastawa

Kafin 2004 kumandan ne ke fita rangadi da gardawa da dogaran sarki, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan ƙin biya. Magajin gari zaɓaɓɓe ba ya son aika gardi ga wanda zai nemi ƙuri'arsa gobe. Binciken da cibiyar LASDEL ta yi a komin dabam dabam na Nijar bayan 2004 ya nuna irin wannan ja da baya, tare da ƙorafin talakawa cewa ba su ga abin da ake yi da kuɗinsu ba. Mai gari ne ke tsaka: sama ana neman cikon kuɗi, ƙasa ana tambayarsa rijiya da aji.

Akwai wani abu da lissafi ba ya nunawa. Biyan lanho ga wani mai gari shaida ce ta cewa kai nasa ne. Unguwar da ke neman sarautarta takan fara da ƙin kai kuɗi ga tsohon mai gari. Fulani da Buzaye makiyaya suna rubuce a wurin shugabannin ƙabilunsu ko da suna kiwo a wata komin, don haka mai tarawa sai ya bi su kasuwa ko bakin rijiya. Gyaran rajista ke nan ba aikin magatakarda kaɗai ba ne: cire suna daga wannan gari a kai wancan yana rage wa wani jama'a da lada, kuma ba ya yarda da sauƙi.

A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja sun rushe majalisun komin, suka naɗa administrateurs délégués a madadin zaɓaɓɓu. Wannan ya kawar da tsoron ƙuri'a daga wajen mai neman kuɗin. Bai taɓa sauran ba: wanda aka naɗa ya gaji rajistar da ya tarar, da bashin da ke cikinta, kuma shi ma sai ya jira kaka.