Ba Kowane Fim na Rasha Ne Kakakin Gwamnati Ba

Akwai maganar da ta zauna a bakin masu kallon fim da yawa, har da waɗanda suka san finafinan Amurka da na Indiya ciki da bai: wai fim ɗin Rasha na wannan zamani farfagandar gwamnati ce kawai. A ganinsu, ƙasar da mutum ɗaya ke juya akalarta tun shekarar 2000, inda ake ɗaure 'yan jarida da 'yan adawa, ba za ta iya haifar da fim mai faɗin gaskiya ba. Darakta a can ɗan amshin shata ne, ɗan wasa kuwa soja ne da ba a ɗinka wa kaki ba, abin da ke fitowa daga hannunsu tankar yaƙi ce da tuta da jarumin da harsashi ba ya kamawa.

Masu wannan ra'ayi ba da ka suke magana ba. A Rasha Ma'aikatar Al'adu da Asusun Fim na gwamnati ne ke zuba kuɗi a manyan finafinai, kuma babu fim ɗin da zai shiga silima sai da lasisin wannan ma'aikata. Stalingrad na Fyodor Bondarchuk a 2013 da T-34 a 2019 finafinai ne na kambama jarumtar sojan Sobiyet. Krym na 2017 an yi shi ne don wanke ƙwace yankin Kirimiya daga Yukren. Mu a Afirka ma an kawo mana namu kason: Turist, wanda aka ɗauka a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya aka haska a filin wasa na Bangi a 2021, talla ce ga mayaƙan Rasha da ke ƙasar. Wanda waɗannan ne kaɗai suka faɗo masa a waya, yana da uzuri. Kuskurensa ɗaya ne, ya yi wa masana'anta guda kuɗin goro saboda ɓangaren da ya fi ƙara.

Mu ɗauki Andrey Zvyagintsev. An haife shi a Novosibirsk ta Saberiya a 1964, ya karanci wasan daɓe a can da Mosko, ya shafe shekaru yana ƙananan rawa da ba wanda ya san da su. Yana dab da shekara 40 ya fitar da fim ɗinsa na farko, Vozvrashchenie, wato Dawowa, a 2003: uba ne ya dawo gida bayan shekara 12, ya ɗauki 'ya'yansa maza biyu da ba su san shi ba zuwa wani tsibiri. Babu tuta a ciki, babu jam'iyya, sai tsoro da ƙauna da ƙiyayya tsakanin uba da ɗa. Fim ɗin ya ci babbar lambar bikin Venis. Yaron da ya fito a matsayin wan, Vladimir Garin, ya nitse a tafki kafin a haska fim ɗin, bai ga nasarar aikinsa ba.

A 2014 Zvyagintsev ya yi Leviathan, kuma ina roƙon duk mai cewa farfaganda ya tsaya a kan wannan fim. Kolya makanike ne a wani ƙaramin gari a bakin tekun arewa, a gidan da ya gada. Magajin gari yana son filin. Kotu ta karanta hukuncin ƙwace gidan da saurin da ba mai iya bin kalmomin, 'yan sanda sun ƙi karɓar ƙorafi, lauyan da ya zo daga Mosko da takardun tona asiri an kai shi bayan gari an lakaɗa masa duka. A bangon ofishin magajin garin akwai hoton Putin, babban limamin coci kuwa shi ke ƙarfafa masa gwiwa a kan teburin cin abinci. Daga ƙarshe Kolya ya tafi gidan yari na shekara 15, aka rushe gidansa, aka gina coci a wurin. Ministan al'adu na lokacin, Vladimir Medinsky, ya fito fili ya soki fim ɗin. Ya ci lambar rubutun labari a Cannes, ya ci Golden Globe, ya shiga jerin biyar na Oscar a 2015, inda ya haɗu da Timbuktu na Abderrahmane Sissako ɗan Muritaniya, wanda shi ma a makarantar fim ta Mosko ya koyi sana'ar. Wace gwamnati ce za ta ɗauki wannan labari ta ce shi ne tallarta?

A nan ne ake kawo hujjar kuɗi, a ce ai wanda ya ba da kuɗi shi ke da magana. Gaskiya ne Ma'aikatar Al'adu ta biya wani kaso na kuɗin Leviathan. Sai dai abin da ya kamata a duba shi ne abin da ya fito a allo, kuma abin da ya fito ya ɓata wa ma'aikatar rai. Fim ɗin Zvyagintsev na gaba, Nelyubov, wato Rashin Ƙauna, na 2017, ya yi shi ba da kuɗin gwamnati ba, da haɗin gwiwar kamfanonin Faransa da Jamus da Beljiyam. Labarin mata da miji ne da ke shirin rabuwa, kowa ba ya son ɗaukar ɗansu mai shekara 12, yaron ya ji su ta bayan ƙofa, ya fita bai dawo ba. 'Yan sanda suka ce ba su da ma'aikata, sai 'yan sa-kai ne suka shiga daji nemansa. Haka nan Andrei Konchalovsky, wanda ba a san shi da adawa da gwamnati ba, ya yi Dorogie Tovarishchi a 2020 kan abin da ya faru a Novocherkassk a 1962, lokacin da ma'aikatan kamfanin ƙera kan jirgin ƙasa suka yi yajin aiki kan tashin farashin nama da man shanu, aka buɗe musu wuta, aka kashe fiye da mutum 20, aka binne su a ɓoye, aka hana maganar kusan shekara 30. Kuɗin hukuma yana da igiya, ban musa ba, amma tsawon igiyar ya bambanta daga fim zuwa fim, daga shekara zuwa shekara.

Wanda ya fi taɓa ni a wannan sahu shi ne Durak, wato Wawa, na Yuri Bykov, shi ma na 2014. Dima mai gyaran famfo ne. An kira shi da dare zuwa wani tsohon bene mai hawa tara, ya ga tsaga daga tushe har rufi, ya lissafa ya gane ginin ba zai daɗe ba, alhali fiye da mutum 800 na kwance a ciki. Ya je ya sami shugabar garin a wurin shagalin ranar haihuwarta tare da dukkan manyan jami'anta, sai ta bayyana cewa kuɗin gyaran ginin an daɗe da raba shi, kuma kwashe mutanen zai tona asirin kowa. Da ya ga ba mai taimako, ya bi ƙofa-ƙofa da asuba ya fitar da mutanen da kansa. Suka tsaya a sanyi suka ga bene bai faɗi ba tukuna, suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka koma ciki. Duk wanda ya taɓa jin labarin gini ya rufta da mutane bayan an ci kuɗin gyaransa ba ya buƙatar mai fassara masa wannan fim. Artyom Bystrov, wanda ya fito a Dima, ya ci lambar gwarzon ɗan wasa a bikin Locarno.

Sai batun yaƙi. Ƙasar da ta rasa mutum kusan miliyan 27 a Yaƙin Duniya na Biyu dole yaƙi ya yawaita a finafinanta. Amma a dubi Dylda na Kantemir Balagov, na 2019. Birnin Leningrad ne a 1945, an gama yaƙi, 'yan mata biyu da suka yi aikin soja suna aiki a asibiti. Ɗaya takan sandare ba zato saboda girgizar bam da ta taɓa mata ƙwaƙwalwa, ɗayar raunin da ta samu ya hana ta sake haihuwa. Ba a harba bindiga ko ɗaya a fagen fama ba, abin da ake gani shi ne abin da nasara ta bari a jikin mata. Balagov yana da shekara 27 ya ci lambar darakta a sashen Un Certain Regard na Cannes da wannan aiki, kuma 'yan matan biyu, Viktoria Miroshnichenko da Vasilisa Perelygina, shi ne fim ɗinsu na farko.

Shi Balagov ɗan Nalchik ne, a yankin Kaukasus, ɗalibin ajin da Alexander Sokurov ya buɗe a jami'ar garin a 2010 don yaran yankin su ba da labarin kansu. Fim ɗinsa na farko, Tesnota, kan iyalin Yahudawa ne da aka yi garkuwa da ɗansu da budurwarsa a 1998, da yadda neman kuɗin fansa ya sa iyaye suka so aurar da 'yarsu ga masu hali. Ba sai na faɗa wa mai karatu a Zamfara ko Katsina nauyin wannan labari ba. 'Yar ajinsu Kira Kovalenko ta ci babbar lambar wannan sashe na Cannes a 2021 da fim a harshen Osetiya, kan budurwar da mahaifinta ke kulle ƙofa ya riƙe makulli. Can gabas mai nisa, a Yakutiya, mutane na yin finafinai a harshensu da kuɗi kaɗan, suna cika silimomin garinsu, har wani malamin makarantar ƙauye, Dmitry Davydov, ya lashe bikin Kinotavr a 2020 da Pugalo. Mai cewa fim ɗin Rasha muryar fadar Kremlin ce ya share waɗannan duka.

Mafi yawan waɗannan finafinai ma ba ruwansu da siyasar jam'iyya. Aritmiya na Boris Khlebnikov, 2017, likitan motar asibiti ne mai shaye-shaye, aurensa na tangal-tangal, sabon shugabansa ya kafa dokar kada a wuce minti 20 a kan kowane majiyyaci. Ostrov na Pavel Lungin, 2006, mutum ne da ya shafe shekaru a gidan ibada yana neman gafarar ran da yake zaton ya kashe. Aure, tuba, amana, hakkin iyaye: su ne kayan aikinsu.

'Yan wasan kuma ba layi ɗaya suke bi ba. Vladimir Mashkov ya hau mumbari a gangamin goyon bayan yaƙin Yukren a Mosko a watan Maris na 2022, Nikita Mikhalkov mai lambar Oscar ya daɗe a gefen Putin. Amma Chulpan Khamatova ta bar ƙasar ta koma Latbiya a 2022 ɗin. Aleksei Serebryakov, Kolya na Leviathan, ya kwashe iyalinsa zuwa Kanada a 2012. Sai kuma masu zama a tsakiya irin su Yura Borisov, haifaffen 1992, wanda ya fito a T-34, ya fito a matsayin Mikhail Kalashnikov mai ƙera AK-47 a 2020, sannan ya zama jarumin fim kan jami'in tsaron zamanin Stalin da ya gudu yana neman yafiyar iyalan waɗanda ya azabtar, fim ɗin da ba a ba shi damar shiga silima a Rasha ba. Rawarsa a fim ɗin Anora ta kai shi takarar Oscar a 2025. An soke shi kan shirunsa game da yaƙin Yukren, kuma sukar tana da tushe. Duk da haka tarihin aikin mutum ɗaya ya isa ya nuna cewa kalma ɗaya ba ta ɗaukar su duka.

Hujja mafi ƙarfi da za a mayar mini ita ce cewa duk wannan kafin 2022 ne. Na yarda ƙofa ta ƙuntata matuƙa. Bikin Kinotavr ya tsaya. Alexander Rodnyansky, furodusan Leviathan da Dylda, ya bar ƙasar, kotu ta yanke masa ɗauri a bayan idonsa. Balagov da Kovalenko da darakta Kirill Serebrennikov sun fita, Zvyagintsev yana Faransa. An hana Skazka na Sokurov lasisi, an janye Aita na Yakutiya a 2023, an ɗaure daraktar wasan daɓe Zhenya Berkovich da marubuciya Svetlana Petriychuk shekara shida-shida a 2024 saboda wasa guda. Amma a lura da abin da wannan jeri ke tabbatarwa: hukuma ba ta korar kakakinta, ba ta hana fim ɗin da ke yabonta. Yawan waɗanda aka toshe wa baki shi ne shaidar yawan masu faɗin abin da ba a so. 'Yan kallon Rasha su ma sun nuna zaɓinsu. Svidetel, fim ɗin da aka yi a 2023 don halatta yaƙin Yukren, ya faɗi warwas a kasuwa. Bayan 'yan watanni, Master i Margarita, kan marubucin da hukuma ta murƙushe, ya cika silimomi duk da kiraye-kirayen masu goyon bayan yaƙi na a hana shi, domin daraktansa Michael Lockshin ya yi tir da yaƙin.

Wasu kuma, musamman masu ƙaunar Rasha a cikinmu, sukan juya maganar su ce irin waɗannan finafinai an yi su ne don faranta wa Turawan Yamma rai. Amsarsu gajera ce. Aritmiya a gida ya ci babbar lambarsa, kwamitin Rasha ne da kansa ya tura Leviathan takarar Oscar, kuma abin da ya fara cusa wa Zvyagintsev labarin ya faru ne a Amurka, a jihar Kolorado, inda wani mai walda ya rushe gine-gine da katafila a 2004 bayan rikicin fili da hukumar garinsu. Zalunci a kan mai ƙaramin ƙarfi shi ya dame shi, ya kuma zaɓi ya nuna na ƙasarsa.

Ba na neman kowa ya so gwamnatin Rasha ko ya ƙi ta da wannan rubutu. Abin da nake nema shi ne adalci ga mutanen da wasunsu suka rasa gida, wasu suka rasa 'yanci, saboda abin da suka sa a fim. Ya mai karatu, ka nemi Durak da Leviathan da Dylda, akwai su da fassara a rubuce a ƙasan allo. Ka kalle su har ƙarshe, sannan ka yanke hukuncinka.