Injekta ko kafireto: Lissafin da ya kamata mai tsohuwar mota ya yi kafin ya amince wa bakanike

A garejin kanikawa da dama a Kano da Kaduna, idan tsohuwar Marsandi ko Golf ta fara shaƙewa ko ƙin tashi da safe, shawarar da aka fi ba mai ita ita ce a cire injekta a ɗora kafireto. Shawarar tana da sauƙin karɓa, domin kusan kowane bakanike ya iya kwance kafireto. Sai dai tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500 cikin kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a wurare da yawa a ƙarshen 2024. Wannan ya sauya lissafin gaba ɗaya.

Aikin na'urorin biyu ɗaya ne: haɗa fetur da iska kafin su shiga inji. Injin fetur ya fi ƙona mai tsaf idan nauyin iska ya ninka na fetur sau 14.7. Kafireto yana dogara ne da zuƙar iska wajen janyo mai, saboda haka awonsa yana kaucewa idan yanayi ya sauya ko ya kwana biyu ba a daidaita shi ba. Injekta kuwa tana auna iskar da ta shigo, sannan ta fesa man da ya dace da ita. Shi ya sa, idan dukansu lafiyarsu ƙalau, injekta ta fi tsimin mai da ƙarancin hayaƙi. Dokokin hayaƙi da Turai ta tsaurara a farkon shekarun 1990 ne suka kawo ƙarshen kafireto a sababbin motoci a can.

Marsandi 230E da aka fara ƙerawa a 1980 misali ce mai kyau. Tana amfani da tsarin K-Jetronic na kamfanin Bosch, wanda ba kwamfuta ke sarrafa shi ba, ƙarfin matsin mai ne ke tafiyar da shi. Abubuwan da suka fi kayar da shi sanannu ne: famfon mai da ya raunana, filta da ta toshe, bakin injekta da datti ya cushe, ko tsohuwar roba da ta tsage tana shigar da iskar da ba a auna ba. Yawancin waɗannan ba sa buƙatar a rushe tsarin. Abin da suke buƙata shi ne ma'aunin matsin mai da bakaniken da ya san karanta shi, kuma nan ne gizo ke saƙar, domin garejoji da yawa ba su da ko ɗaya.

Ingancin man kansa ma yana da hannu. A watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar da shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, wanda masu motoci suka koka cewa ya lalata musu injuna. Injekta ba ta jure datti kamar kafireto, shi ya sa wanke tanki da sauya filta kan warware abin da ake zaton mutuwar tsarin ne.

Sauyawar ma ba ƙaramin aiki ba ce. Dole a canza bututun da ke kai iska cikin inji, a gyara wayar totur, sannan a sauya famfon mai. Famfon K-Jetronic yana tura mai da matsin da ya ninka abin da kafireto ke buƙata fiye da sau goma. Idan aka bar shi a wurinsa, mai zai malala a kan inji mai zafi, kuma gobara na iya tashi. A motocin da kwamfuta ke kula da lokacin tartsatsin fulogi, cire injekta yana tilasta sauya tsarin kunna wutar shi ma.

Duk da haka akwai inda kafireto ke da hujja: idan na'urar rarraba mai ta lalace kuma ba a samun madadinta, ko motar tana aiki ne a karkarar da babu ƙwararren injekta. Aikin ya fi inganci idan kamfanin ya taɓa fitar da irin injin da kafireto, kamar Marsandi 200, domin za a sami kayan da suka dace da shi.

Kafin mai mota ya yanke hukunci, ya kamata ya nemi a auna matsin mai a gabansa, a faɗa masa takamaiman abin da ya lalace da farashinsa. Daga nan sai ya lissafa litar da yake sha a wata. Kuɗin gyara sau ɗaya ake biya, amma ƙarin lita ko ɗaya a rana lita 365 ke nan a shekara, kuma ga direban haya daga cinikin da zai kai gida za a cire ta.