Dala ashirin a gida, 100 a makaranta

Maganarmu ta wannan mako a kan yaran unguwar Briketeri ce ta Yawunde, amma ta shafi duk wanda ɗansa ke jin Hausa ko Fillanci a gida, ya je makaranta a yi masa Faransanci.

A ɓangaren Faransanci na Kamaru, firamare shekara shida ce: SIL, CP, CE1, CE2, CM1, CM2, sannan jarrabawar CEP. Tun shekarar 2000 gwamnati ta soke kuɗin makarantar firamare tata, ko da yake littafi da kayan makaranta suna wuyanka. Azuzuwa biyun farko su ne harsashi. Yaron da ya wuce su bai kama ƙirga da haruffa ba, zai yi ta maimaita aji har ya gaji ya bari. Gobe kuma shi ne za a miƙa wa takardar duwan a Garwa-Bulai ko Kiye-Osi ya rasa abin da aka rubuta.

Za ka ce, "Ni da ban yi boko ba, me zan koya masa?" To ai wanda yake ƙirga garke da ido, ya haɗa kuɗin buhu hamsin a ka, malamin lissafi ne. Aikinka kawai ka haɗa wa yaro lissafin gida da na aji.

Fara da kuɗi, don nan ne ruɗanin yake. Mu da dala muke ƙirga sefa, dala ɗaya kuwa faran biyar ce. Uwa ta ce, "Ungo ashirin, sayo sukari," yaro ya duba kwabon ya ga an rubuta 100. Sai ya ɗauka ashirin haka ake rubuta ta. Baza masa kwabbai a tabarma, ka nuna masa ɗaya-ɗaya: dala biyar 25, dala goma 50, dala ashirin 100, dala ɗari 500. Ka gaya masa ƙarara cewa ƙirga biyu ce, ta kasuwa da ta malam, kuma ta malam ita ce a jikin kwabon. Yana gane wannan, ya fara jadawalin biyar ke nan bai sani ba.

Na biyu, goma-goma. Briketeri unguwar masu tsire ce, tsinke ba ya wuya. Tara guda ɗari, a wanke, a karye bakin mai kaifi, yaro ya ɗaure su goma-goma da roba. Ƙulli uku da tsinke huɗu, 34. Amfanin wannan zai fito ne in an kai saba'in, domin Faransanci a nan yana da karkata: 70 sittin da goma ake cewa, 80 ashirin huɗu, 90 ashirin huɗu da goma. Yaro ya ji quatre-vingt-dix sai ya rubuta 4, 20, 10 a jere. Wanda ya riƙe ƙulli tara a hannunsa, ya ce casa'in da bakinsa, ba zai yi wannan ba.

Sai rubutu. Yawancin yaranmu allo biyu suke ɗauka, na makarantar allo da na boko. Ɗaya daga dama yake farawa, ɗaya daga hagu. Kada ka yi mamaki in ka ga b ta koma d, ko 3 ta juya baya. Yaran da ba su taɓa allo ba ma suna yin haka a wannan shekarun. Ba daƙiƙanci ba ne, kuma bulala ba ta gyara shi. Sa masa ɗigo a gefen hagu na allon bokon, ka ce daga nan ake tashi. Ya fara zana harafin babba a ƙasa da yatsa, sannan da alli, daga baya a littafi. Harafi biyu a rana sun isa, a fara da na sunansa.

Ke kuma uwar gida, ko da hannunki na kan tukunya, ki ce ya ƙirgo miki albasa bakwai, ya mayar da biyu, ya faɗi saura. Minti goma sha biyar bayan magariba kullum ta fi awa biyu ranar Lahadi.

Kai da kake kan hanyar Ngaundere ko kana mashekari da shanu, in ka kira gida ka ce a ba ka shi. Ka ce, "Na sayar da raguna uku cikin takwas, saura nawa?" Yaya ko ɗan maƙwabci da ke CM1 ya riƙa duba masa littafi. In ka sauka gari, ka je ka gaisa da malaminsa, ka tambayi inda ajin ya kai. Ka kuma tabbata yana da takardar haihuwa tun yanzu, don sai da ita ake zama CEP.

Allah ya raya mana su, ya tsare hanya.