Daga Maƙera Zuwa Shagon Walda: Hasken da ke Ƙona Ido a Ɓoye

Maƙerin gargajiya a ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma da fatar jikinsa yake gane haɗarin sana'arsa, domin zafin gawayi da tartsatsi nan take suke sanar da kansu. Waldar lantarki kuwa, wadda ake ƙera ƙofofi da tagogin gine-ginen da suka biyo bayan kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 da ita, cutarta ɓoyayyiya ce. Wutar da ke tashi tsakanin sandar walda da ƙarfe tana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda ke ƙona saman ƙwayar ido ba tare da raɗaɗi ba. Sai bayan awa 6 zuwa 12, galibi cikin dare, mutum ya farka yana hawaye, tamkar an watsa masa yashi a ido.

Wannan jinkiri shi ke yaudarar masu koyo. Yaron da ke riƙe wa maigidansa ƙarfe, yana kau da kai kawai, shi ma yakan kamu. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya wadatarwa. Garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 zuwa 13 ita ce ta dace, ga maigida da yaronsa duka.