Fayil Ya Ƙi Buɗuwa: Tsohuwar Manhaja Da Sabuwa A Shagunan Zane Na Kudancin Kano

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta wuce Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, zai ga aikin masu zane da kwamfuta ta ko'ina: fastocin 'yan takara a jikin bango, allunan makarantu, banar walimar saukar Alƙur'ani, sitikar ango da amarya a bayan babur. Da yawa daga cikin zanen nan a ƙananan shagunan garuruwan ake yin sa, amma babban aiki, irin faffaɗan fileks ko fasta dubbai, Kano ko Zariya ake kai shi. Ke nan aiki ɗaya yakan bi ta kwamfuta biyu ko uku kafin ya hau takarda, kuma ba lallai ne manhajar da ke cikinsu ta zo ɗaya ba. Daga nan rigimar take farawa.

Manhajar da ta mamaye wannan sana'a a Arewa ita ce CorelDRAW, ta wani kamfanin ƙasar Kanada, wadda ta fara fitowa a 1989. Photoshop na biye da ita, musamman wurin masu ɗaukar hoto. Kowace sabuwar fitowa ta Corel tana buɗe fayil ɗin na baya da ita, amma tsohuwa ba ta buɗe na sabuwa. Mai X3, wadda ta fito a 2006, ba zai buɗe aikin da aka adana da X7 ta 2014 ba, balle na 2021. Tun daga X4 ta 2008 ma kamfanin ya sauya yadda ake ƙunshe fayil ɗin daga ciki, duk da sunansa na CDR bai canza ba. Abin da ke ruɗa mutane ke nan: suna iri ɗaya, tambari iri ɗaya, amma ka danna ya ce atafau. Akwai mafita, domin wurin adanawa ana iya zaɓar tsohuwar siga. Sai dai mai sabuwar ne kaɗai zai iya yin hakan, mai tsohuwar kuwa sai kiran waya da roƙo.

"Oga, don Allah a sauke min shi zuwa X3, nawa ba ya ɗauka."

"To ai na tashi daga shago, kuma an ɗauke wuta. Ka bari sai gobe."

Goben nan kuwa wataƙila ita ce ranar ɗaurin auren da ake son katinsa.

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan mai ƙaramin shago, a ce ya ƙi ci gaba. Ban yarda da wannan ba. Mutumin ya yi lissafi ne, kuma lissafinsa daidai yake. Kwamfutarsa ta hannu ce, ya sayo ta a Beirut Road shekaru da suka wuce, ƙarfinta kaɗan ne. X7 ba ta hawa Windows XP, fitowar 2021 kuma sai Windows 10 mai ƙarfin 64. Canza manhaja na nufin canza kwamfuta, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin kayan lantarki ya yi tashin gwauron zabo. Ga wuta: tsohuwar manhaja tana buɗewa nan take, ba ta cin batir, mai aiki da ƙaramin janareto ko sola ya san darajar kowane minti. Sababbin suna son intanet don tantance mai su. Kamfanin Adobe ma tun 2013 ya daina fitar da sabon Photoshop na sayen dindindin, ya koma kuɗin wata-wata, abin da ya bar masu hoto da yawa a kan CS6 ta 2012 ko wadda ta girme ta. Ba ɓoyayyen abu ba ne kuma cewa kwafin da ke yawo a filashi galibi ba na asali ba ne, wanda ya samu guda da ta zauna lafiya ba ya son taɓa ta. Sannan ga sabo. Yaro ya koyi aiki wurin maigidansa a kan X3, shi ma in ya buɗe nasa shagon da ita zai yaye nasa yaran.

A 'yan shekarun nan lamarin ya ƙara wani reshe. Da can birni ne ke da sabo, ƙauye na da tsoho. Yanzu matashi a Kofa ko Yalwa yana zana fasta a wayarsa da Canva ko PixelLab, ɗalibin da ya dawo hutu daga jami'a ya zo da sabuwar fitowa a laftof ɗinsa, mai injin bugawa a cikin gari kuma ya kafe a kan X7 saboda da ita ma'aikatansa suka saba. Su kansu hotunan sun sauya. Wayar iPhone tun 2017 tana ajiye hoto a tsarin HEIC, wanda aka sauko da shi daga intanet kuma yakan zo a WebP, tsarin da Photoshop bai fara buɗewa da kansa ba sai 2022. Alhaji ya turo hotonsa mai kyau, tsohuwar manhaja ta ce ba ta san zancen ba.

Fayil ɗin da ya ƙi buɗuwa ya ma yi adalci, tunda ya faɗi gaskiya tun da wuri. Wanda ke jawo asara shi ne wanda ya buɗe amma ya sauya. A X5 ta 2010 an sake tsarin sarrafa launi, don haka jar hular ɗan takara da ta fito jawur a allon mai zane tana iya fitowa a fileks ta yi duhu kamar ta sha rana, kuma ɗan siyasa ba ya wasa da launin tafiyarsa. A X6 ta 2012 an sake injin rubutu. Ka buɗe tsohon aiki ka amince a sabunta rubutun, sai layuka su gota, sunan waliyyin amarya ya faɗo layin ƙasa ko ya ɓuya bayan fure.

Ga mai rubuta Hausa akwai ƙarin ciwo. Kafin haruffa masu lanƙwasa su wadatu a kwamfuta, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da salon rubutun da ke ɗauke da su a shekarun 1990, mawallafa suka daɗe suna cin moriyarsa. Irin wannan salon, da sauran da aka yi ta ƙirƙira, sai kwamfutar da ke da su ce take nuna su daidai. In fayil ya je inda babu, sai ƙ, ɗ da ɓ su koma akwati ko wata alama dabam. Masu zane da yawa sun gaji, sun koma rubuta k, d da b zalla, shi ya sa za ka ga allon makaranta yana alƙawarin "karin ilimi". Rubutun Larabci na takardar shaidar Islamiyya shi ma yakan warwatse, haruffa su rabu ko su juya, abin da malamin da ya ba da aikin ba zai taɓa karɓa ba.

Maganin da 'yan sana'a suka samo shi ne mayar da rubutu zane kafin a tura, ko a fitar da aikin gaba ɗaya a JPEG. Yana aiki, amma an riga an tuƙa tuwo, ba a komawa tsaba: in an ga kuskure a kwanan wata, mai injin ba zai iya gyarawa ba sai dai ya manna faci. In kuma aka tura hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, ba takarda ba, sai a matse shi, fuskar da ta yi tas a waya ta fito dishi-dishi a banar ƙafa goma.

Wa ke biyan kuɗin wannan duka? Ba kamfanonin manhaja ba, su da ribarsu ke cikin sabuntawa. Mai injin ma yakan ce abin da aka turo shi ya buga. Mai zanen Doguwa ne zai sake biyan bugu, ya ƙara da kuɗin mota, ya kuma sha faɗan mai aiki. Kujerun majalisar wakilai ta tarayya biyu ne a yankin da hanyar nan ta ratsa, Kiru da Bebeji, sai Tudun Wada da Doguwa, ban da na jiha da na ƙananan hukumomi, kuma kakar zaɓe ita ce kakar masu fasta. A lokacin ne aiki ke yawa, lokaci ke ƙuntata, ɗan takara da aka ɓata wa aiki sau ɗaya kuma sai ya kwashe cinikinsa gaba ɗaya ya kai birni.

A ganina abin da ya fi sauƙi shi ne mai zane da mai inji su tsayar da siga ɗaya tun kafin a fara aiki, a riƙa tura PDF mai ɗauke da salon rubutunsa a ciki, a kuma ajiye kwafi biyu, na gyara da na bugu. Makarantu da ƙungiyoyi su ma ya kamata su riƙa karɓar tambarinsu a PDF tare da asalin fayil ɗin, domin yanzu galibi yana kwance ne a kwamfuta ɗaya tak, kuma ranar da ta mutu sai an ɗauki hoton tsohon allo an sake zana shi daga farko, a sake biya.