Ko Kun Sani? Giwan Ruwa a Madadin Kifin Bas

Ko kun san cewa kifin bas na teku, wanda Turawa suke ɗaukaka darajarsa, kuma Turkiyya da Girka suka fi kowace ƙasa kiwonsa, yana da na'ibi a cikin ruwayenmu? Ma'abota ilmin halittu sun tabbatar da cewa giwan ruwa, wanda masunta suke kamawa a Kogin Kwara da Tafkin Chadi, danginsu ɗaya da baramundi, wato bas na Asiya. Kuma tun bayan da aka zuba shi a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya yawaita har ana safarar tsokarsa zuwa kasuwannin Turai.

Sharaɗin musanya bas da wani kifi a girki shi ne a dubi siffar tsoka, domin duk kifin da namansa fari ne, mai kauri, marar ƙarni mai yawa, wanda ke rabuwa fale-fale in an danna shi da cokali, to ya cancanci ya tsaya a wannan matsayi. Karfasa ma za ta wadatar, illa dai tsokarta siririya ce, sai a rage mata lokaci a kan wuta, bisa ƙiyasin minti 10 ga kowane kaurin santimita 2.5. Amma tarwaɗa, duk da falalarta a farfesu, maiƙonta ya yi yawa ga wannan aiki. A ganina, matsakaicin giwan ruwa ya fi ƙato laushin tsoka.