Ranar Ado Da Ranar Gudu: Ina Sukuwarmu Ta Shiga?

A watan Maris da ya wuce, wani ɗan ƙanena ya same ni zaune a zaure bayan La'asar, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba, kai da ba ka gajiya da zancen dawaki, dubi wannan." Na karɓa na ga dawaki fiye da goma a guje cikin wani koren fili, suna tsallake shingaye ɗaya bayan ɗaya, jama'a kuwa sun cika rumfuna suna sowa. Ya ce mini bikin tseren dawaki ne na garin Cheltenham a Ingila. Tun daga ranar na shiga bin diddigin bikin, kuma duk abin da na ƙara sani a kansa sai ya mayar da ni Tsibiri, ya mayar da ni fakon da ke bayan garinmu da wata rana da na fi ƙauna a duk ranakun shekara.

Bikin na Cheltenham kwana huɗu ake yi, daga Talata zuwa Juma'a, kuma kowace rana da babban tserenta. Ranar Talata ta masu zafin nama ce, ana gudun kimanin mil biyu ana tsallake ƙananan shingaye, tseren da aka fara tun 1927. Ranar Laraba nisan kusan ɗaya ne, amma shingayen manya ne, dokin da ya yi kuskuren taku sau ɗaya ya fita daga lissafi. Ranar Alhamis ta masu jimiri ce, mil uku. Ranar Juma'a kuwa ake tseren Kofin Zinare, wanda aka fara a 1924: mil uku da ɗoriya, shinge 22, sannan a ƙare da hawan tudu, inda dokin da ya ƙarar da ƙarfinsa da wuri yakan tsaya yana kallon na baya suna wuce shi. Masoya wannan biki sukan yi gardama a kan ranar da ta fi daɗi kamar yadda samarinmu ke gardamar ƙwallo. Wani ya ce Talata, saboda ihun da jama'a ke yi idan aka saki dawakin farko. Wani ya ce babu kamar Juma'a.

Mu ma muna da irin wannan gardama, ko kuwa in ce mun taɓa yin ta. A tsakiyar shekarun 1970, lokacin ina yaro, Babbar Sallah takan faɗo cikin hunturu, an gama girbi, gonaki sun zama fili. Ranar Idi ranar ado ce. A fito da sirdi da jalala da likkafar da aka goge da toka da tsamiya, kowane mai doki ya sha rawani, a raka hakimi masallaci a rako shi gida. Washegari ranar gaisuwa ce, mahaya su jeru su saki linzami zuwa ƙofar fada, su yi zamiya, su ɗaga hannu su yi jinjina. Mata da 'yan mata waɗannan ranaku biyu suka fi so, don nan ake ganin wanda ya yi sabon ɗinki da wanda ya ari alkyabba.

Ni kuwa rana ta uku nake jira. Ranar nan babu algaita, babu kayan ado. Da hantsi a kwance wa dawaki duk wani nauyi, wasu ko sirdi ba a ɗora musu, a nufi fako. Akan fara da dukusai, gajeren gudu daga wata tsamiya zuwa wata. Sai na manyan dawaki, wanda akan zagaya bayan gari a dawo. Na ƙarshe shi ne wanda ya hana ni barci a daren jajiberinsa: a miƙe ta cikin gonaki, a ƙetare kunyoyi, a tsallake darnin kara, a tsallake wata ƙorama da ta ƙafe, a juyo a gindin kuka. Ba wanda ya gina mana shinge, abin da Allah ya ajiye a hanya shi ake tsallakewa.

Kawuna yana da wani bidi siriri, wanda ranar Idi ba mai waiwayarsa. Shekara guda wani attajiri ya kawo akawal daga gabas, doki ne da ko maƙiyin mai shi sai ya yaba. Ranar ado gari duka shi ake zance. A rana ta uku akawal ya ba kowa rata tun daga farko, har muka fara sunkuyar da kai. Da suka iso bakin ƙorama sai ya turje, ya ja da baya, mahayinsa ya wuce ta saman wuyansa ya dira cikin yashi. Bidin Kawu ya zo da gudunsa na kullum, ya tattara ƙafafu ya haye kamar ba komai. Da yamma ina riƙe da ragama Kawu yana ba shi ruwan kanwa, na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, "Ɗana, ado na mai doki na, gudu shi an na doki. Wagga ƙorama tun da kaka muka sha ƙetara ta ni da shi." A ranar na fahimci abin da ake nufi da ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, tseren tsallake na Turawa ma haka ya faro. Ana ba da labarin cewa a 1752 wasu mutum biyu a yankin Cork na ƙasar Ayilan suka yi gasa daga hasumiyar wata majami'a zuwa ta wata, suna tsallake duk abin da ya tare su a gonaki. Wasan ƙauye ne irin namu. Bambancin da ya shiga tsakani shi ne su sun tsayar wa abinsu lokaci, sun raɗa wa kowane tsere suna, sun kuma rubuta. Yau yaro a Ingila zai gaya maka cewa doki mai suna Golden Miller ya ci Kofin Zinare sau biyar a jere daga 1932 zuwa 1936, Arkle ya ci sau uku daga 1964 zuwa 1966, kuma a 2022 wata 'yar Ayilan, Rachael Blackmore, ta zama mace ta farko da ta ci shi a kan sirdi. Ni kuwa in ban da wannan rubutu, bidin Kawu zai bi ni kabari.

Ba don ba mu da dawakin da suka cancanci a tuna da su ba ne. Ɗanfilinge na fadar Isa har gobe ana ambatonsa, amma me ya raya sunansa? Waƙar Ibrahim Narambaɗa. Ƙasarmu ta Zamfara da Gobir ƙasar makaɗan fada ce, ita ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi da Sa'idu Faru, kuma bakin makaɗi shi ne littafin tarihinmu. To, dokin da bai yi dacen makaɗi ba fa? Ɗaruruwan dawaki sun yi abin a zo a gani a fagagen Mafara da Bakura da Maradun, sun tafi ba wanda ya san sunan ubansu balle jikokinsu. Al'ummar da ba ta san wane doki ya haifi wane ba kuwa, ba za ta iya inganta iri ba, sai dai kullum ta kwashi kuɗi ta sayo na Sudan.

Wani zai ce ai al'adar doki ba ta mutu ba, ga hawan Sallah nan. Gaskiya ne. Kano na da kwanakinta masu suna, Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa da na Ɗorayi ko Fanisau, kuma Kanawa na gardamar wanda ya fi, akasarinsu na zaɓen Daushe. Katsina da Zazzau na da Hawan Bariki, Daura na da Hawan Magajiya. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, abin alfahari ga kowane Bahaushe. Sai dai hawa ranar ado ce. Yana nuna arzikin mai doki da gwanintar baduku da maƙeri, amma ba ya tambayar doki komai illa ya yi taku ya jure nauyi. Kakanninmu ba don ado suka ɗaure dawaki ba. Sarautun Madawaki da Shamaki da Sarkin Dawaki sun samo asali ne daga zamanin da gari ke tsira ko ya ci wuta gwargwadon ƙafar dokinsa. Sukuwa ita ce ragowar wannan jarrabawa. Idan muka riƙe hawa muka saki sukuwa, za mu wayi gari da dawaki masu ƙiba waɗanda ba su iya ƙetare lambatu.

Filayen ma tafiya suke yi. Dandalin Tafawa Balewa na Legas, inda aka yi bikin 'yancin kai a 1960, filin sukuwa ne a da. Haka Dandalin Murtala na Kaduna. Inda filin ya tsira, kamar a Kano da Sakkwato, taron siyasa da na biki sukan fi kofato yawa a cikinsa. A ƙauyuka kuwa labarin ya fi muni. Madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978 ta sauya fasalin ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, wasu fagage suka shiga ruwa, wasu suka zama gonakin rani. Babur ya zo ya karɓe aikin doki na sufuri. Dawa da harawa suka yi tsadar da magidanci zai tsaya ya zaɓa tsakanin cikin 'ya'yansa da cikin dabbarsa. Sannan babbar musiba ta sauko. Wa zai fita ƙilisa bayan gari alhali ko gona ba a zuwa sai da fargaba? A watan Satumbar 2021 har kasuwannin mako aka rufe a Zamfara, aka katse layukan waya, aka hana safarar dabbobi. Na san gidajen da aka gaji turke tun kaka da kakanni, yau an sayar da dokin an biya kuɗin fansa, turken na tsaye ana ɗaure akuya. Mai doki ya koma kuturi.

Na san akwai mai karatun da zai ce, mutane na mutuwa, wannan dattijo yana kukan dawaki. Ban ga laifinsa ba, rai ya fi komai. Amma ina roƙonsa ya duba wani abu. Ranar sukuwa ita ce ranar da Bafillace ke fitowa daga ruga da goɗiyarsa, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da manomi, a yi musu, a yi dariya, wanda aka kayar ya sayi goro. Ɗan hakimi da ɗan talaka layi ɗaya suke tsayawa, ƙorama kuma ba ta san ɗan sarki ba. Irin waɗannan wurare ne ke sa mutane su san fuskar juna, kuma wanda ka san fuskarsa da sunan dokinsa da wuya ka yarda a ce maka dodo ne. Ban ce sukuwa za ta kawo ƙarshen ta'addanci ba. Na ce dai duk ranar da aka zauna gyaran zaman tare, za a nemi fagen da zai haɗa mutane, kuma mun taɓa mallakar irinsa.

Ba kuma duk abin da ke Cheltenham ne abin koyi ba. Caca ce ƙashin bayan bikinsu, giya kuma kamar ruwa, biyun nan addininmu ya haramta su, kuma duk fagen da caca ta shiga sai maguɗi ya biyo ta. Dawaki kan karye su mutu a shingayensu, har 'yan ƙasar da kansu suna ƙorafi. Mu ma muna da namu aibin: ɗora ƙananan yara a kan manyan dawaki ba hular kwano, zuba wa dabba bulala da ƙaimi har jini, da ɗura mata ƙwayoyi don ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. In za a farfaɗo da sukuwa, kada a farfaɗo da waɗannan.

Abin da nake ganin ya dace mu ɗauka guda uku ne, kuma babu mai buƙatar biliyoyi. Na farko, lokaci tsayayye. Masarautun Talata Mafara da Bakura da Maradun su haɗa kai su ware kwanaki a cikin hunturu, bayan girbi, a wuri mai tsaro kusa da gari, ko da da dawaki ashirin za a fara. Na biyu, kowace rana a ba ta aikinta da sunanta: ranar dukusai, ranar gajeren gudu, ranar dogon zango, ranar tsallake, sannan a raba dawakin gida da na Sudan da ruwa-biyu don kada mai kuɗi ya kwashe komai. Na uku, littafi. A sami malami guda da zai rubuta sunan doki da launinsa da iyayensa da mahayinsa da abin da ya ci, likitan dabbobi kuma ya duba kowane doki kafin ya shiga fage. Ɗalibanmu na jami'o'in Gusau da Sakkwato da ke neman abin bincike, ga dattawa nan da suka rage masu riƙe da sunayen dawakin da a ka. Kowace shekara ana rage su.

Da na mayar wa yaron nan wayarsa, ya tambaye ni wace rana zan zaɓa in da zan je Ingila. Na ce Juma'a, don a nan ne ake tambayar doki abin da aka tambayi bidin Kawu. Sai ya ce shi bai taɓa hawa doki ba. Shekararsa 19, jikan mutumin da ya ƙetare ƙorama. Na yi masa alkawarin in Allah ya kai mu hunturu da rai da lafiya zan nemo masa ko na aro ne, ya ji yadda ƙasa ke gudu a ƙarƙashin mutum.

Allah ya zaunar da Zamfara lafiya, ya mayar da manomi gonarsa, makiyayi rugarsa, mahayi kuma fagensa.